Man tsere ko fetur na gidan mai: wanne ya dace da babur ɗin tseren turɓaya?

Sadik:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu a nan. Babur ɗina YZ250F ne, injinsa yadda ya fito daga kamfani haka yake, salansa kaɗai na canza. Tun da na saye shi fetur na gidan mai nake zuba masa, wanda ya fi kowanne lamba a famfo. Yanzu abokan hawana sun matsa min wai in koma man tsere, irin na gwangwani mai oktan 110, wai babur zai ƙara ƙarfi, injin kuma zai fi daɗewa. Tsadarsa kuwa ba a magana. Akwai gaskiya a maganar nan, ko kuɗina kawai zan ƙona?

Ɗanladi:
Wa alaikumus salam. Zuba kawai Sadik, kada ka tsaya sauraron surutu. Ni ranar da na fara zuba wa nawa, tun daga tayarwa na ji bambanci. Da ka taɓa totur sai ya amsa, babu ɗan jinkirin nan da na saba ji. Duk wanda ka gani a layin farawa a manyan gasanni, ai ba fetur na famfo ne a tankinsa ba. Haka kawai za su riƙa zubar da kuɗinsu?

Malam Habu Bakanike:
Sadik, kafin ka sa hannu a aljihu amsa min tambaya ɗaya. Idan injin ya ɗauki zafi sosai, kana cikin yashi mai zurfi ko kana hawan tudu a babbar giya, ka buɗe totur daga ƙasa, kana jin wata siririyar ƙara daga kan silinda, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa?

Sadik:
A'a Malam, ban taɓa jin haka ba.

Malam Habu Bakanike:
To in dai haka ne, injinka bai nemi oktan fiye da wanda kake ba shi ba. Oktan ba ma'aunin ƙarfi ba ne. Ma'aunin juriyar mai ne, wato yadda zai iya ɗaukar matsi da zafi ba tare da ya kama da wuta da kansa ba.

Ga yadda ake so abin ya gudana a cikin silinda. Fulogi ya ƙyasta, wuta ta tashi daga tsakiya ta bazu zuwa gefe a tsare, tana tura fistin ƙasa. Amma yayin da wutar ke tafiya, ragowar haɗin iska da mai da ke can gefe yana ƙara matsuwa, yana ƙara zafi. Idan man ba shi da juriya, sai wannan ragowar ya fashe gaba ɗaya tun wutar ba ta iso gare shi ba. Wannan fashewar ce kake ji kamar ƙwanƙwasa, ita ce kuma ke cin fistin. Mai mai oktan da yawa yana hana wannan, iyakar aikinsa ke nan. Idan injinka ba ya ƙwanƙwasa da 95, ka zuba masa 110, babu abin da ya ƙaru, domin matsalar da 110 ɗin zai hana tun farko babu ita.

Ka buɗe littafin babur ɗinka. Yamaha da kanta cewa ta yi fetur marar darma mai RON 95 ko sama. Waɗanda suka ƙera injin su suka faɗa.

Sadik:
Malam, nan ne nake ruɗewa. Wani wuri in ga an rubuta 91, wani wuri 95, duk a kan babur ɗaya. Wanne ne daidai?

Injiniya Maryam:
Duka biyun daidai ne, Sadik. Bari in shigo nan, domin wannan ruɗanin yana sa mutane sayen abin da ba sa buƙata.

Hanyoyin gwaji biyu ne, duka a kan wani injin gwaji mai silinda ɗaya da ake kira CFR, wanda ake iya ƙara masa matsi ko a rage yana cikin aiki. Ta farko RON: injin na juyawa sau 600 a minti, cikin yanayi mai sauƙi. Ta biyu MON: sau 900 a minti, kuma ana dumama haɗin iska da man kafin ya shiga. Wannan gwajin ya fi tsanani, saboda haka lambarsa ta fi ƙanƙanta. A fetur na yau da kullum ratar da ke tsakaninsu takan kai 8 zuwa 10. Turai da mafi yawan ƙasashen duniya RON suke rubutawa a jikin famfo. Amurka da Kanada kuwa haɗa biyun suke yi su raba biyu. Shi ya sa 91 na Amurka da 95 na Turai kusan abu ɗaya ne.

Ma'aunin kansa a kan sinadarai biyu aka gina shi. Ɗaya, iso-oktan, aka ba shi 100. Ɗayan, heftan, aka ba shi sifili. Fetur mai lamba 95 yana jure matsi daidai da haɗin kashi 95 na na farkon da kashi 5 na na biyun. Ka ga babu inda yawan kuzarin da ke cikin man ya shigo lissafin nan.

Ɗanladi:
Injiniya, duk na ji, kuma ban isa in yi miki musu a kan lissafi ba. Amma abin da na ji a hannuna fa? Ba mafarki na yi ba.

Injiniya Maryam:
Ban ƙaryata ka ba, ɗan'uwa. Wane babur ne, wane mai ka zuba?

Ɗanladi:
CRF450R na 2007, mai kafireta. Man kuwa na kamfanin VP ne, wanda suke kira U4.4.

Injiniya Maryam:
To ai ka ji bambanci da gaske, sai dai ba oktan ne ya kawo shi ba. Abin da ake kira man tsere ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka yi don juriya kawai, irin su C12 na VP ko 110 na Sunoco, don injin da aka ƙara wa matsi. Akwai kuma wanda aka haɗa da sinadarai masu ɗauke da oksijin a jikinsu, irin wanda ka zuba.

Abin da ke iyakance ƙarfin inji shi ne yawan iskar da zai iya shaƙa, tunda mai ba ya ƙonewa sai da oksijin. Idan man ya zo da nasa oksijin ɗin, sai ka samu damar ƙona mai da ɗan yawa a kowane bugu, ƙarfi ya ƙaru. Ƙarin na gaske ne, amma 'yan kashi ne cikin ɗari, kuma yana da sharaɗi: dole a ƙara yawan man da ke shiga, a sa jet mafi girma, wato ɗan ramin da mai ke bi a kafireta, ko a canza saitin kwamfuta. In ba a yi haka ba, iska ta rinjayi mai, injin ya riƙa ɗaukar zafi.

A naka, abin da nake zato shi ne tun asali mai ya ɗan rinjayi iska a saitin kafiretarka, shi ne jinkirin da kake ji. Da sabon man ya shigo sai haɗin ya daidaita, totur ya yi kaifi. Akwai kuma batun saurin zama tururi. Man tsere ana haɗa shi ne da niyyar ya tarwatse da sauri a kafireta, wannan ma yana sa amsawar ta yi kyau. Da ka gyara allura da ƙaramin jet, da ka samu kaso mai tsoka na wannan bambancin da fetur na famfo.

Malam Habu Bakanike:
Ƙari a kan maganar Injiniya, masu injekta, wato baburan da kwamfuta ke feso musu mai maimakon kafireta, su kula. Mutane da yawa suna ɗauka kwamfutar babur za ta gane irin man da aka zuba ta gyara da kanta, kamar yadda ta mota ke yi. Mafi yawan baburan tseren turɓaya ba su da sensar oksijin a salansa. Tun daga RM-Z450 na 2008, da Suzuki ta riga sauran manyan kamfanonin Japan kawo injekta cikin wannan fannin, tsarin kusan ɗaya ne: kwamfutar na duba buɗewar totur, saurin juyawar inji, zafin iska, matsin iska da zafin ruwan lagireto, sai ta feso man da aka rubuta mata. Ba ta san me ke cikin tanki ba. Ka zuba mai mai oksijin ba ka taɓa saiti ba, yadda take fesawa jiya haka za ta fesa yau.

Sadik:
Na gode ƙwarai. Amma ga abin da ya tsaya min a rai. Matsin injina ya kusa 14 da 1. Motocin da ake cewa sai an ba su fetur mai babbar lamba ma ba su kai haka ba. Ta yaya nawa ke tsira da fetur na famfo?

Injiniya Maryam:
Tambaya mai kyau, kuma ita ce ke tura mutane da yawa wajen sayen gwangwani. Lambar matsin da ke takarda ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba.

Fashewar nan da Malam Habu ya bayyana tana buƙatar lokaci. Sai ragowar haɗin ya ɗan zauna cikin zafi da matsi kafin ya kama. Faɗin silindarka milimita 77 ne kacal, fulogi na tsakiya daidai, saboda haka tafiyar da wuta za ta yi gajeriya ce. Injin kuma yana haura juyi 13,000 a minti. A irin wannan gudun wutar fulogi ta gama cinye komai kafin ragowar ya samu sararin fashewa. Sannan bawul ɗin shigar iska yana jinkirin rufewa, har fistin ya fara hawowa yana buɗe. A ƙananan juyi wani ɓangare na haɗin yana komawa baya, matsi na haƙiƙa ya gaza wanda aka rubuta. Ga kan silinda na alminiyom da ruwa ke sanyayawa. Duk waɗannan suka haɗu suka ba injin damar ɗaukar matsin da injin mota mai faɗin silinda ba zai ɗauka ba.

Shi ya sa Malam ya tambaye ka game da babbar giya da yashi. Haɗari yana wurin da juyi ya yi ƙasa, totur a buɗe, injin kuma da zafi.

Alhaji Tanko:
Salamu alaikum. Na karanta daga sama har ƙasa, kuma ban ƙi ko ɗaya ba, amma duk a kan inji mai bugu huɗu kuke magana, irin na Sadik, mai yin wuta sau ɗaya a juyi biyu. Mu masu bugu biyu lamarinmu dabam ne, kuma ba na so wani yaro mai YZ250 ko 125 ya karanta wannan ya ɗauka shi ma ya tsira.

Mai bugu biyu wuta yake yi a kowane juyi, fistin ba ya samun hutun da zai huce. YZ250 ɗin nan kowa ya san shi da ƙwanƙwasa idan fetur ya yi rauni, musamman a yashi da rana. Kwanaki na ciro fistin daga babur ɗin wani yaro da ke hawa tare da mu. Gefen kansa ta ɓangaren salansa duk ya zama ƙurzunu-ƙurzunu, ƙarfen ya cinye ya yi fari, bakin ramin ringi na sama ya fara gutsirewa. Da na duba fulogin a hasken rana sai ga ɗige-ɗige masu ruwan toka a jikin farin tangaran ɗin. Alminiyom ɗin fistin ne ya narke ya manne. Yaron nan ko sau ɗaya bai ji ƙarar ba, saboda hular kwano da kukan salansa sun rufe masa kunne.

Don haka, Malam Habu, ban yarda a ce wanda bai ji ƙwanƙwasa ba ya kwantar da hankalinsa. Ni rabi C12 rabi fetur na famfo nake haɗawa, kuma fistin ɗina tsaf yake fitowa.

Malam Habu Bakanike:
Wa alaikumus salam Alhaji, barka da shigowa. Gaskiyarka a kan kunne, ba kowa ke ji ba, kuma a mai bugu biyu fulogi da kan fistin su ne shaidun da za a riƙa dubawa. Inda na saɓa da kai shi ne maganin.

Idan mai bugu biyu da ba a taɓa injinsa ba yana ƙwanƙwasa da fetur mai kyau, akwai dalili. Ko jet ya yi ƙanƙanta, ko iska na shiga ta sil ɗin kirankishaf ko ta robar kafireta, ko taimin, wato lokacin da fulogi ke ƙyastawa, ya yi gaba, ko kuma ratar da ke tsakanin gefen fistin da kan silinda ta yi faɗi. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa. Aikin ratar shi ne, idan fistin ya iso sama, ta matso haɗin da ke gefe ta watsa shi tsakiya wajen wuta. In ta yi faɗi sai haɗin ya maƙale a gefe, daidai inda fashewar ke farawa.

Aunawar ba wuya. Ka cire fulogi, ka lanƙwasa wayar solda mai laushi ka zura ta ramin har bakinta ya taɓa bangon silinda, a saitin fin ɗin fistin don kada ya karkata ya yaudare ka. Ka juya inji a hankali da hannu har fistin ya wuce sama ya danne ta. Ka zaro ka auna kaurin inda ya baje. A 250 masu gyara sukan rage ta zuwa wajen milimita 1 da ɗoriya, su kuma faɗaɗa kwarin tsakiyar kan don matsi kada ya hau. Babur ɗin da aka yi wa haka yakan zauna lafiya da fetur na famfo. Man tsere yana iya rufe ɓarna, iska na shiga ta sil kai ba ka sani ba.

Alhaji Tanko:
Na yarda da aunawar, ni ma ina yi. Amma ba kowa ke da wanda zai yanke masa kan silinda daidai ba, kuma in an yanke ba daidai ba an jawo wata sabuwar. Sannan kai kana maganar fetur mai kyau. Wa ya ba ka tabbacin na yau irin na makon jiya ne? Abin da nake saye a gwangwani ba ƙarfi ba ne, tabbaci ne. Na yau da na bara duk ɗaya, nauyinsa ɗaya, jet ɗin da na sa ya zauna daram.

Umar Mai Hawan Daji:
Alhaji ya taɓo inda nake jira. Ni ba tsere nake yi ba, daji nake shiga, kuma babur yakan yi makonni a ajiye. Damuwata ba oktan ba ce, itanol ne.

A ƙasashe da yawa fetur na famfo yana ɗauke da itanol har kashi 10 cikin ɗari, shi ne ake rubuta E10. Itanol na jan danshi daga iska. Tankin babur kuwa yana da tiyon numfashi, kafireta ma a buɗe take ga iska. In ya daɗe a zaune, ruwan ya taru ya wuce abin da man zai iya riƙewa, sai itanol da ruwa su rabu su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda famfon mai ke ja. A mai bugu biyu, da ake haɗa masa man shafawar inji a cikin fetur, abin ya fi muni, domin wannan da ya kwanta babu man shafawar inji a cikinsa, fetur ɗin da ya rage a sama kuma oktan ɗinsa ya ragu. Ko bai kai ga haka ba, buɗe kafiretar da ta yi wata biyu da E10 ka ga kore-koren da ke toshe ƙaramin jet.

Injiniya Maryam:
Haka ne. Ƙari kuma, itanol shi ma yana ɗauke da oksijin. Fetur zalla yana son iska kashi 14.7 ga kashi 1 na mai. E10 kuwa wajen 14.1 yake so. Ke nan mai kafireta da ya yi saiti da fetur zalla, ya koma E10, iska za ta ɗan rinjayi mai ba tare da ya taɓa komai ba. Wannan yana cikin abin da Alhaji ke nufi da rashin tabbas. A ƙasashen da ke da sanyi mai tsanani ma haɗin fetur na hunturu dabam yake da na bazara.

Umar Mai Hawan Daji:
Wani abu kuma da ba a kula da shi. Famfon da ke da tiyo ɗaya ga duk nau'o'in fetur, abin da ya fara fitowa ragowar wanda mutumin gabanka ya saya ne. A mota ba komai ba ne. A tankin da bai wuce lita 6 zuwa 8 ba, yana da tasiri. Ku fara zuba 'yan litoci a mota, sannan ku cika jarkar babur.

Nura:
Gafara dai manya. Ni na ji ana cewa man ƙananan jiragen sama, 100LL, ya fi man tsere araha kuma babu itanol a ciki. Me kuka gani?

Injiniya Maryam:
Babu itanol a ciki, gaskiya ne, yana daɗewa a ajiye, MON ɗinsa kuma wajen 100 ne, saboda haka yana hana ƙwanƙwasa. Shuɗi ne, an rina shi don a gane shi. An yi shi ne don injin jirgi da ke juyi wajen 2,700 a minti a tsaye cak, ba don injin da ake buɗe wa totur ana rufewa kowane daƙiƙa ba, don haka wasu sukan ji amsawarsa ta yi sanyi, kuma sai an sake duba jet. Amma babbar maganar ita ce darma. Haruffan LL na nufin an rage ta ne idan aka kwatanta da tsohon man jirgi. Har yanzu ana yarda ta kai giram 0.56 a kowace lita.

Baban Khalifa:
Nan ne zan sa baki, don Allah ku saurare ni. Yarona yana hawan ƙaramin babur mai cc 85. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan layin farawa na yara ya san yadda abin yake: iyaye a durƙushe a bayan babura, ƙannen masu hawan suna yawo a wurin, kowane salansa na feso hayaƙi daidai tsayin fuskar ƙaramin yaro. C12 ɗin da Alhaji ke haɗawa, da U4.4 na Ɗanladi, da 110 ɗin da aka ce Sadik ya saya, da man jirgin nan, duk akwai darma a cikinsu.

Tun 1921 Thomas Midgley ya gano a kamfanin General Motors cewa wani sinadari mai darma na hana ƙwanƙwasa, aka yi shekaru da dama ana zubawa a fetur kafin duniya ta yarda da irin ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta haramta ta a motocin titi a 1996. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayarwa, a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin darma a jini da za a kira marar illa. Mu kuma mu ɗauko ta a gwangwani mu kai wurin da yara suka fi taruwa? Ni ban ga ƙarfin dokin da ya kai wannan ba.

Alhaji Tanko:
Baban Khalifa, maganarka ta shige ni, kuma ba zan yi jayayya da kai a kan lafiyar yara ba. Abin da zan ce kawai, mu da muka daɗe a harkar mun ga injin da ke shan mai mai darma yana fitowa da kyau in an buɗe shi. Amma in akwai marar darma da zai riƙe min YZ ɗina a yashi, a shirye nake in gwada.

Malam Habu Bakanike:
Akwai, Alhaji. VP ɗin ma suna da T4, marar darma marar itanol, an yi shi don masu bugu huɗu da ba a taɓa ba, kuma masu bugu biyu da yawa suna haɗa shi da man shafawarsu. Batun cewa darma na kare mazaunin bawul, wannan na tsofaffin injuna ne masu kan ƙarfe mai laushi. Na yanzu mazauninsu mai tauri ne, ba sa buƙata. Wanda kuma ke da babur ɗin daji mai rajistar titi, mai sensar oksijin ko matatar hayaƙi a salansa, darma kashe su take yi.

Ɗanladi kuma, manyan 'yan tseren da ka kafa hujja da su ba mai darma suke sha ba. Dokar gasar ƙwararru ta AMA, ƙungiyar masu babura ta Amurka, marar darma ta yarda da shi. A 2006 an samu burbushinta a man ɗan tsere Ricky Carmichael bayan tseren San Diego, aka zare masa maki 25, daga baya aka mayar masa aka ci tarar tawagarsa. Nasu man an haɗa shi ne da injin da aka gina dominsa, an ƙara matsi, an yi saitin kwamfuta a kan na'urar auna ƙarfi, kuma ana buɗe injin bayan 'yan sa'o'i kaɗan na aiki.

Ɗanladi:
Batun darma ban san nawa na ɗauke da ita ba sai yanzu da na duba jikin gwangwanin, ga shi kuwa an rubuta. Zan nemi marar ita. Amma man tsere kam ba zan bari ba, ina jin daɗin yadda babur ɗin ke amsawa.

Sadik:
Ni dai zan ci gaba da na famfo, in riƙa sayen wanda zan ƙarar cikin ɗan lokaci, in kuma riƙa duba fulogi kamar yadda Alhaji ya nuna. Ina da niyyar sa fistin mai ƙarin matsi nan gaba. Malam, a lokacin ne zan canza?

Malam Habu Bakanike:
A lokacin ne za ka tambayi wanda ya yi fistin ɗin da wanda zai yi maka saiti. Ƙarin matsi, ko kai taimin gaba, ko yanke kan silinda, su ne ke ɗaga buƙatar oktan. Wurin da kake hawa ma yana da nasa. A kan tsaunuka iska ba ta da nauyi, matsin cikin silinda ya ragu, buƙatar ta sauka. Shi ya sa a jihar Kolorado ta Amurka ake sayar da fetur mai lamba 85 a famfo. Injin da ke lafiya a can sama yana iya fara ƙwanƙwasa in ya sauko bakin teku ranar zafi.

Nura:
To 'yan kwalaben nan na ƙarin oktan da ake zubawa a tanki fa?

Injiniya Maryam:
Karanta jikin kwalbar da kyau, Nura. Da yawa in sun ce suna ƙara maki 5, kowane maki kashi ɗaya cikin goma ne na lamba ɗaya, wato daga 95 zuwa 95.5. Waɗanda ke aiki sosai kuwa galibi suna ɗauke da sinadarin MMT, mai barin jan ƙura kamar tsatsa a jikin fulogi, sai ya hana ka karanta fulogin da kake dogaro da shi.

In ƙarin kake so, hanyar Alhaji ta fi, a haɗa da man tsere. Sakamakon yana faɗawa kusa da tsakiyar lambobin biyu gwargwadon yawan kowanne. Sai dai a yi lissafin da ma'auni ɗaya. Kada ka ɗauki RON na famfo ka haɗa da MON na gwangwani. Kamfanonin man tsere suna buga takardar bayanin kowane mai, da RON da MON da nauyinsa da yawan oksijin ɗinsa.

Alhaji Tanko:
Kuma in ka zaɓi kason haɗi, ka tsaya a kansa. Yau rabi da rabi, gobe ɗaya cikin uku, ka rasa tabbacin da ka biya kuɗi dominsa, tunda nauyin man na canza yawan abin da ke wucewa ta jet. Ni da kofin awo nake yi, in fara haɗa fetur ɗin biyu, sannan in auna man shafawa a kan jimillar.

Umar Mai Hawan Daji:
Ajiyar ma a kula. Gwangwanin ƙarfe a rufe gam yana kai shekara da fiye man bai canza ba. Da ka buɗe ka bar murfin a sake, sassan da suka fi saurin zama tururi su ne za su fara gudu, su ne kuma ke sa babur tashi da sauri da amsa totur. Kada a juye shi a jarkar roba mai haske a bar shi a rana, musamman mai darma, haske na lalata shi. A ɗora gwangwanin a kan katako a inuwa, nesa da inda ake walda ko caja batir.

Nura:
Wanda aka riga aka haɗa da man shafawa fa, shi ma zai daɗe haka?

Alhaji Tanko:
Ya danganta da man shafawar. Na roba-roba da ake yi a masana'anta yana zama a haɗe. Mai man zurma kuwa yakan rabu da fetur in ya daɗe ko in sanyi ya yi yawa, wasu man tseren ma ba sa karɓarsa sosai. Ka haɗa kaɗan a kwalbar gilashi ka ajiye ya kwana. In ka ga layi ya fito tsakaninsu, ko ya yi hazo-hazo, kada ka zuba a tanki. Ka haɗa iya wanda za ka hau da shi a ƙarshen makon, ka girgiza jarkar kafin ka zuba.